Wata huɗu dokina yana hannun mai horo

Na sayi akawalina, wato baƙin dokina, a kasuwar Maigatari wata ranar Alhamis yana da shekara 3 da 'yan watanni, domin ya riga ya yi famfarar haƙoran tsakiya amma na gefensu ba su faɗi ba tukuna. Mai shi ya ce an taɓa ɗora masa sirdi, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai da na hau shi a gida na tarar bai san yadda ake ɗaukar mutum ba. Yana tafiya yana tuntuɓe a fili mai laushi, ya zuba nauyinsa duka a kan linzami har damatsana su yi tsami, in kuwa na juya shi dama sai ya faɗa da kafaɗa kamar zai kife da ni. Abokan kilisa suka ce in ƙara masa linzami mai kaifi. Ban bi shawararsu ba, na kai shi wurin wani dattijo da ke da barga a bayan gari kusa da kogin Challawa, wanda ya yi shekaru yana aiki da dawakin ƙwallon dawaki kafin ya koma horar da na mutane.

Makonni 3 na farko babu wanda ya hau dokin, kuma raina ya ɓaci, don ina biyan kuɗin wata, ina kuma aika harawa da dusa da kanwa. Kullum da sassafe sai ya sa masa ragama kawai, ya ɗaura doguwar igiya, ya tsaya a tsakiya dokin yana kewaya shi a kan rairayi, hagu kaɗan, dama fiye da haka. Da na yi ƙorafi sai ya ce: "Alhaji, ko babu kowa a kansa, doki yana ɗora fiye da rabin nauyinsa a ƙafafun gaba. Kai kuma ka zo ka zauna kusa da kafaɗarsa. In bai koyi shigo da ƙafafun baya ƙarƙashin cikinsa ba, da me zai ɗauke ka?" Ya ƙara da cewa ƙashin bayan doki shi ne na ƙarshen ƙosawa, sai wajen shekara 5 zuwa 6, don haka hawan minti 20 ya ishe shi a yanzu. Bayan haka ya ɗora ƙaramin sirdi mara nauyi, ya sa siririn linzami mai gaɓa a tsakiya, ya dinga hawa da shi gangaren bakin kogi yana saukowa a hankali, daga tafiya ya shiga sassarfa, daga sassarfa ya dawo tafiya, ya tsaya, ya ja da baya taku 2 ko 3, ya sake.

A mako na 7 ya ce in hau. Wallahi ban taɓa zaton wannan ɗan abin da nake rainawa zai sauya dabba haka ba. Bayansa ya taso a ƙarƙashina, kamazuru, wato igiyar linzami, ya yi sako-sako a hannuna, na juya dama ya lanƙwasa jikinsa ya bi da'irar ba tare da ya jingina da ni ba, na gyara zama kaɗan kawai ya tsaya cak da ƙafafunsa huɗu a daidai. Ranar na ƙara wa yaran barga tukuici, na kuma gaya wa mutum 3 su kai nasu. A lokacin da an tambaye ni, da na ce babu kamarsa a garin nan.

Sai ga abin da ya sa nake rubuta wannan sharhi. Wata Litinin ƙanena ya turo mini bidiyon hawan angwanci a WhatsApp, don kawai in ga kwalliyar dawaki, kuma a cikin jerin na hango farin goshin da ba zan taɓa mantawa ba, da farar ƙafar baya ta hagu. Dokina ne, an laɓta masa babban sirdin gargajiya da kayan ado, an cusa masa linzamin ƙarfe mai zobe, wani saurayi da ban sani ba yana sukuwa da shi a kan kwalta tsakanin babura, yana fizge shi ya zame, yana tilasta masa tabarya, wato miƙewa a kan ƙafafun baya, jama'a suna ihu. Na kalli bidiyon sau 5 ina fatan idona ne ya yi kuskure. Ban tsaya cin abinci ba, na kama hanyar barga, na same shi a turke ya sunkuyar da kai, harawar safe tana gabansa bai taɓa ba. Da na buɗe bakinsa na ga ganɗarsa ta kumbura, dasashi ya tsage a inda ƙarfen ya zauna, ƙarƙashin haɓa ya ɗaye, majayi kuma, wato ɗamarar sirdi, ya ci shi a bayan hammata har fata ta tashi. Ƙafar gaba ta dama tana da zafi daga gwiwa zuwa ƙasa. Wanda bai taɓa kiwon doki ba zai ce ai rauni ne da zai warke cikin makonni 2, kuma fatar ta warke ɗin, amma dokin da aka yi wata 2 ana lallashinsa ya yarda da hannun mutum, a yini ɗaya aka koya masa cewa ƙarfe a baki azaba ne. Da aka sake hawansa sai ya dinga cilla kai sama tun kafin a taɓa kamazuru, bayansa ya lotsa, tsohon tuntuɓen nan ya dawo.

Dattijon ya ce ya tafi ta'aziyya ƙauye, babban yaronsa ne ya karɓi kuɗi ya bayar da hayar dokin. Na yarda ba da saninsa aka yi ba, domin na ga yadda fuskarsa ta sauya da ya duba bakin, kuma cewa ya yi: "Alhaji, amanarka ce a hannuna, ni na ci ta." Na ce: "Baba, ba kai ka hau ba, amma a turkenka aka kwance shi." Ya sallami yaron, ya biya likitan dabbobi daga aljihunsa, ya kuma yi wata guda yana gyara ba tare da ya karɓi ko sisi ba, ya koma kan ragama da doguwar igiya kamar ranar farko. Duk wannan na yaba. To amma tun da abin ya faru nake tuna wasu abubuwan da na kau da kai a kansu: ranar da na tarar da kwanon ruwa a bushe da azahar, da buhun dusar da ya ƙare kafin lokacinsa, da yadda ƙofar bargar ba ta da ko kwaɗo. Gwaninta a hannunsa take shi kaɗai, ita kuwa bargar babu tsari a cikinta, kuma mutum mai dawaki 9 na jama'a bai kamata ya yi tafiyar kwana 2 ya bar su ga yaran da kuɗin haya ke iya ruɗa ba.

Ga wanda zai iya leƙawa sau 3 a mako ba tare da sanarwa ba, musamman Asabar da Lahadi da ake bukukuwa, zan ce ya kai dukushinsa, domin ban ga wanda ya fahimci daidaiton doki a ƙarƙashin sirdi kamarsa ba. Wanda zai ajiye ya tafi Abuja sai ƙarshen wata, ban ba shi shawara ba. Ni dai na dawo da nawa gida, yanzu dattijon ne yake zuwa Talata da Alhamis ya yi aikinsa a gabana. Hagu ya koma daidai, dama har yanzu yana ɗan taurin wuya idan aka shiga sassarfa. Na so in fita da shi Hawan Daushe na bana, amma na fasa, sai ya cika shekara 5.