Mai shayarwa da mura: haɗin magani ko ɗaya-ɗaya?

'Yar'uwa, kin ce goyonki wata uku, mura ta kama ki, mai kemis ya ba ki Procold, kina tambaya ko ki sha ko ki tsaya ga farasitamol. Allah ya ƙara sauƙi.

Haɗin maganin mura irin su Procold da Mixagrip ƙwaya ɗaya ce, amma yawanci magani uku ne a cikinta: farasitamol, da chlorpheniramine mai tsayar da majina (shi ne Piriton da muka sani), da mai buɗe hanci, pseudoephedrine ko phenylephrine. Duba bayan kwalin, a rubuce suke. Mai buɗe hancin ne damuwarmu. A wani bincike da aka yi a Ostareliya aka wallafa a 2003, an bai wa mata takwas masu shayarwa pseudoephedrine miligiram 60 sau ɗaya, ruwan nononsu ya ragu da kashi 24 cikin ɗari a yini guda. Mata takwas ba yawa ba ne, amma wadda dama nononta bai wadata ba, me zai kai ta? Shi kuma Piriton yana sa barci, yana iya sa jariri ya yi laushi ya rage tsotso, ga shi yawancinmu gado ɗaya muke kwana da su.

Ɗaya-ɗaya kuwa, abin da ke damunki kaɗai za ki yi wa magani. Ciwon kai da ciwon jiki: farasitamol ko ibuprofen, kaɗan ne ke shiga nono. Atishawa da majina: loratadine ko cetirizine, ba su cika sa barci ba. Toshewar hanci: sirace, ruwan gishiri na ɗigawa a hanci, in ta ƙi sai Otrivin, wanda a hanci yake aikinsa, amma kar ya wuce mako guda. Tari: zuma da lemun tsami a ruwan ɗumi, ke kaɗai, domin ba a ba yaron da bai shekara ba zuma.

Haɗin ya fi sauƙin saye da sha, wannan gaskiya ne. Ni dai ɗaya-ɗaya na zaɓar miki. In kin riga kin sha ƙwaya ɗaya ko biyu, kar hankalinki ya tashi, ki daina kawai ki yawaita ba shi nono. Kuma kar ki haɗa Procold da Panadol, farasitamol ne za ki ninka, alhali bai kamata babba ya wuce giram 4 a rana ba.

Alabukun asfirin ne a cikinsa, ki bar shi. Maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana yi da shigowa da shi a 2018, yana iya danne numfashin jariri. Ampiclox ba ya maganin mura.

Masu cewa ki janye nono kar ya ɗauka, kar ki bi tasu. Mura ta numfashi da hannu take yaɗuwa, nonon kuma garkuwa yake kai masa. Ki yawaita wanke hannu, ki kau da fuska in za ki yi atishawa. In zazzaɓi ya kama ki a gwada maleriya. In shi jaririn ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi zafi ko numfashinsa ya yi sauri, asibiti a ranar.