Katalizer ya gaza: wanne za ka saya, wanne za ka bari?

Idan fitilar inji ta kama, aka jona na'urar gwaji ta nuna lambar P0420, ko P0430 a injin V6 mai ɓangare biyu, abin da kwamfutar motar ke faɗi shi ne katalizer, wato tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, ba ya aikinsa yadda ya kamata. Ba ta ce ya mutu ba. Motocin Amurka tun 1996, da na Turai masu shan fetur tun 2001, suna da sansa biyu masu auna iskar oksijin a cikin hayaƙi a jikin salansa, ɗaya gaban katalizer ɗaya bayansa. Na gaba, a motoci da yawa, karatunsa hawa da sauka yake yi. Na baya kuwa, in katalizer na da lafiya, zama yake kusan wuri guda, wajen volt 0.6 zuwa 0.7. Da zarar ya fara rawa irin ta na gaba, sai lambar ta fito. To amma ɓular salansa kusa da sansa, ko sansan da ya tsufa, su ma suna sa a ga haka. Saboda haka kuɗin farko na mai gwaji ne, wanda zai nuna maka karatun sansa inji na aiki, ba mai goge lamba ya sallame ka ba.

Da wuya katalizer ya mutu haka kawai, kashe shi ake yi. Buji ko bobin da ya lalace yana tura ɗanyen mai cikin salansa, ya ƙone a can har tangaran ɗin da ke cikin katalizer ya narke. Injin da ke shan baƙin mai, ko ruwan lagireto da ke zurarewa ta gaskit, su kuma shafe sinadaran da ke tace hayaƙin suke yi. Ga man ruwa-ruwa na kwalba, da ba ka san ƙura ko ruwan da ya shiga ba, alhali matatar mai ta SORAZ na nan kusa da mu a Damagaram tun 2011. Ga kuma dukan ƙasan mota a hanyar Tanut. Duk wanda ya sa sabo bai gyara sanadin ba, zai sake saye.

Sabo na kamfanin motar ya fi kowanne, amma sai an yi oda, kuma kuɗinsa kan yi wa tsohuwar mota yawa. Wannan na mai sabuwar Hilux ko Prado ne.

Yawancinmu tsakanin biyu muke: na hannu, da sabo na gama-gari da mai walda ke ɗaurawa. Na gama-garin ya fi sauƙin kuɗi, sai dai platinum, palladium da rhodium ɗin da ke cikinsa ba su kai na asali ba, shi ya sa yakan kashe fitila na ɗan lokaci ta dawo. Araha ba ta ado. In shi za ka saya, ka nemi wanda ya dace da girman injinka da matakin Euro na motar, wato ƙa'idar hayaƙi ta Turai da aka ƙera ta a kai, kuma ka tsaya a kan mai walda kada ya bar ko ƙaramar kafa. Ni dai na fi karkata ga na hannu na asali, wanda aka ciro daga mota irin taka, ko nan Damagaram ko a Kano. Amma a nan ne ake cuta, domin ƙarafan cikinsa suna da masu saye, ana kwashe cikin a sayar maka da gwangwani. Girgiza shi: in ka ji ƙarar tsakuwa, ajiye. Haska tocila ta baki guda, ka ga ramukan nan masu kama da saƙar zuma a jere, ba narkewa, ba baƙin maiƙo. Duba ko an taɓa yanka jikinsa aka sake liƙewa. Haka in ka bar mota a gareji, ka ce a ba ka tsohon naka, kuɗi ne.

Maganin da ake zubawa a tanki ba ya tayar da wanda ya narke ko ya fashe. Ƙaramin ƙarfen da ake ɗaura wa sansan baya kuwa kwamfuta kawai yake ruɗawa.

Sai shawarar da aka fi ji: "Alhaji, a huda shi kawai, mota ta sha iska." In ya toshe, har mota ba ta iya jan kaya, lalle ƙarfi zai dawo. Ana ma iya tabbatar da toshewar ba tare da an fasa komai ba: a kwance sansan gaba na ɗan lokaci, in inji ya sake, toshewa ce. Amma hudawa na nufin hayaƙi mai guba da wari a lungunan Birni da cunkoson kasuwar Dole, kuma fitila ba za ta ƙara mutuwa ba. Ran da wata matsala ta gaske ta taso, ba abin da zai sanar da kai.

Kowanne ka zaɓa, ku yi magana da mai kaya kan mayarwa tun kafin ka biya. Lambar P0420 ba ta dawowa nan take bayan an goge ta, sai inji ya yi zafi a tafiya fiye da ɗaya. Je Mirya ka dawo, washegari ka sake, sannan a jona na'ura a ga ko kwamfutar ta kammala gwajin katalizer ɗin.