Wasiƙa Daga Teksas: Kasuwar Littattafan Karatun Gida Ga Ɗan Ƙaramar Sakandare

Yaya, assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, tare da fatan kana lafiya kai da iyali da su Hajiya, na rubuto ne domin in ba ka bayanin da ka nema game da shawarar da muka yanke ni da maiɗakina ta koyar da 'yarka a gida maimakon makarantar gwamnati, da kuma tambayar da ka yi ko irin littattafan da muke saya a nan za su amfani yaron wajenka da ya shiga ƙaramar sakandare a Kano.

Zan fara da doka, domin ita ce ke nuna wa mutum abin da ya wajaba ya saya. Karatun gida halal ne a duk jihohi 50 na Amurka, amma kowace jiha da nata sharuɗɗan. A nan Teksas, tun hukuncin da Kotun Ƙolin jihar ta yanke a 1994 a shari'ar da ake kira Leeper, ana ɗaukar gidan da ake koyar da yaro a matsayin makaranta mai zaman kanta. Abin da ake buƙata shi ne a samu manhaja da ido zai iya gani, littafi ne ko bidiyo, wadda ta ƙunshi karatu, da rubuta kalmomi daidai, da nahawu, da lissafi, da tarbiyyar zama ɗan ƙasa nagari, kuma babu jami'in da ke zuwa ya duba ko ya yi wa yaro jarrabawa. A jihar Niyok kuwa, dole uba ya sanar da hukumar ilimi ta yankinsa, ya miƙa tsarin karatun shekara a rubuce, ya riƙa aika rahoto sau huɗu a shekara, sannan ɗan aji 7 zuwa sama ya cika awa 990 na karatu. Saboda haka shawarar da wani ɗan'uwa a Niyok zai ba ka kan littafi, ba lallai ta dace da mazaunin Teksas ba.

Abin da suke kira makarantar tsakiya a nan shi ne aji 6 zuwa aji 8, wato yara 'yan shekara 11 zuwa 14, kuma ya yi kusa da ƙaramar sakandarenmu, sai dai tamu ta fi dacewa da aji 7 zuwa aji 9 a lissafinsu. A wannan shekarun ne zaɓin littafi yake yin wuya, domin yaro ya wuce matakin da uwa za ta zaunar da shi ta biya masa komai, amma bai kai matakin da za a miƙa masa littafi a tafi a bar shi ba.

Babban bambancin da ke tsakaninmu da su a wannan fanni shi ne wanda ke yin zaɓi. A gida Nijeriya, hukumar NERDC ce ke tsara manhajar ƙasa, makaranta ta ba ka takardar jerin littattafai, kai kuma ka nufi shagunan Sabon Gari ka saya, damuwarka ba ta wuce farashi da gudun kada a haɗa ka da jabun bugu ba. A nan babu wanda zai ba mai karatun gida jeri. Kamfanoni ne birjik, kowanne da tsarinsa, kuma dillali guda kamar Rainbow Resource yana da dubban kayayyaki a kundinsa. Ingancin kayan abin yabo ne, domin littafin ɗalibi yakan zo da littafin malami da ke faɗin abin da za a yi kowace rana, da littafin amsoshi, da takardun gwaji, kuma yawancin kamfanonin suna sanya samfurin shafuka da jarrabawar tantance mataki kyauta a intanet, yadda mutum zai gwada kafin ya fitar da ko sisi.

Abin da ya fi jan hankalin sabon shiga shi ne kwalin shekara guda, wanda ake zuba dukan darussan aji a ciki, an raba su mako 36, a kawo maka har ƙofar gida. Farashinsa yakan tashi daga ɗaruruwan daloli har ya haura dubu idan an haɗa da darussan bidiyo. Sauƙinsa a fili yake, amma akwai abin da Musulmi ya kamata ya sani tun kafin ya biya. Manyan kamfanonin da suka daɗe a wannan kasuwa na Kiristoci masu wa'azi ne, kuma ba su ɓoye hakan ba. Abeka tana da alaƙa da wata kwalejin Kirista a Pensacola ta jihar Fulorida, BJU Press ta fito ne daga Jami'ar Bob Jones, Sonlight ma da aƙidar Kirista aka gina ta. Addinin ba darasi guda ba ne da za ka cire ka ajiye gefe, domin yana cikin jimlolin da ake koyon nahawu da su, yana cikin yadda ake ba da tarihin duniya, yana cikin kimiyya, inda littattafai irin na Apologia suke koyar da cewa shekarun duniya ba su wuce 'yan dubbai ba. Ban ga laifinsu ba, don 'ya'yansu suka rubuta, kamar yadda mu ma muke yi a Islamiyya. Akwai waɗanda ba su sanya addini ba, kamar BookShark da Oak Meadow, sai dai su ma suna da tasu mahangar, kuma uba mai lura zai karanta littattafan labarin da ke ciki kafin ya miƙa wa 'yar shekara 12.

Matsala ta biyu ta kwalin ita ce an ɗinka shi ne bisa zaton yaro yana mataki ɗaya a kowane darasi, alhali da wuya hakan ta kasance. 'Yar taka ta yi gaba a lissafi, amma rubutun insha'inta yana buƙatar a koma baya a gyara. Kwalin rigar kanti ce, mu kuwa yadi muke so mu kai wa tela. Don haka muka zaɓi mu sayi kowane darasi daban, kuma muka fara da lissafi, domin shi ne darasin da kuskure a cikinsa yake bin yaro har jami'a.

Dalili kuwa shi ne, a tsarin Amurka lissafi hawa-hawa ne, kowace shekara da matakinta. Yaron da ya gama share fagen aljabra a aji 7, ya yi aljabra ta farko a aji 8, shi ne zai iya kaiwa ga babban lissafin da ake kira kalkulas a aji 12, abin da jami'o'i ke dubawa ga mai son injiniyanci ko likitanci. Littattafan da na duba sun kasu bisa yadda marubutansu suka fahimci koyo. Saxon yana ba da sabon abu kaɗan kowace rana, sannan ya biyo da tambayoyi kusan 30 da yawancinsu maimaici ne na darussan baya, yadda yaro ba ya samun damar mantawa. Wanda ya yi tilawa da muraja'a ba zai ga baƙon abu a wannan tsari ba, sai dai yaro mai saurin fahimta yakan gundura. Tsarin Singafo, wanda ake sayarwa ga waɗannan azuzuwa da sunan Dimensions Math, yana tsayawa a kan batu ɗaya har a ƙware, tambayoyinsa ba su da yawa amma suna da zurfi, kuma yana buƙatar babba ya zauna tare da yaro. Art of Problem Solving ya fi su duka tsauri, domin da tambaya mai wuya yake buɗe darasi, sai yaro ya yi fama da ita kafin a nuna masa hanya, kuma don yara masu son lissafi da shiga gasa aka yi shi. Teaching Textbooks kuwa a kwamfuta ake yinsa, shi ke koyarwa shi ke ba da maki, abin da ke sauƙaƙa wa uwar da ke da ƙananan yara a hannu. Mu tsarin Singafo muka ɗauka bayan ta yi jarrabawar tantancewa, muna kuma haɗawa da bidiyon Khan Academy, wanda kyauta ne, a duk inda bayanin littafi bai wadatar ba.

A kimiyya mun sayi littafin da bai shigo da aƙida ba, tare da akwatin kayan gwaji da ƙaramin madubin ganin ƙwayoyin halitta, kuma a nan dole in yaba musu, domin kayan da wasu makarantunmu ba su da su a ɗakin gwajinsu, a nan masinja ne zai ajiye maka su a bakin ƙofa cikin 'yan kwanaki. A Turanci mun ɗauki tsarin koyar da rubutu daki-daki, sauran kuma littattafan laburare ne.

Tarihi ne ya fi damuna. A makarantun gwamnatin Teksas, ɗan aji 7 tarihin Teksas yake yi shekara guda cur, ɗan aji 8 kuma tarihin Amurka zuwa 1877. Littattafan tarihin duniya da na buɗe sukan ba Afirka ta Yamma 'yan shafuka, a ambaci Ghana ta dā da Mali da hajjin Mansa Musa da Songhai, a wuce. Ban tarar da bayani mai gamsarwa ba kan ƙasar Hausa, ko jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, ko zuwan Turawa Kano a 1903, ko haɗe Kudu da Arewa a 1914. Wannan darasi ni nake koyar da shi da kaina a ƙarshen mako, kuma a nan ne nake roƙonka ka nemo mini littafin tarihin Nijeriya na sakandare da littattafan karatun Hausa, ka ba duk wanda zai taho.

Akwai wata hanya da wasu 'yan'uwa suke bi suna kiranta karatun gida, wato makarantun gwamnati na intanet irin su K12 da Connections Academy. Ba a biyan kuɗi, akwai malamai masu takardar shaida, amma yaron ɗalibin gwamnati ne a doka, su ke zaɓar manhaja, su ke tsara lokaci, kuma dole ya zauna jarrabawar jiha. Ga wanda ya cire ɗansa domin ya samu safiya ta haddar Alƙur'ani, wannan tsari yakan ɗaure shi fiye da yadda ya zata.

Idan aka bar kaya aka koma kan hidima, sai lissafin ya juya. Laburaren gwamnati a nan ni'ima ce, kati kyauta ne, ana aron littattafai da yawa a lokaci guda, wanda babu a reshenku kuma a ɗauko maka shi daga wani reshe. Tsofaffin littattafan manhaja ma ana samunsu da rahusa a eBay da zaurukan Facebook, muddin mutum ya tabbatar bugun littafin ɗalibi da na amsoshi iri ɗaya ne. Amma duk abin da ya shafi lokacin mutum, tsada gare shi. Malamin lesin a nan da awa ake biyansa, kuma awa ɗaya dala gommai ce. Malamin Alƙur'ani da Larabci, wanda a unguwarmu yaro zai taka da ƙafa ya je wurinsa bayan la'asar, a nan ko dai a jira makarantar masallaci ta Asabar da Lahadi, ko a ɗauki malami daga Masar ta bidiyo. Abokan karatu ma sai an shirya, inda iyalai ke haɗuwa sau ɗaya a mako, kowace uwa ta koyar da abin da ta iya. Kuɗin da ya fi kowanne yawa kuwa ba ya cikin rasit, wato albashin da maiɗakina ta haƙura da shi domin ta zauna a gida, alhali harajin gidaje da ake gudanar da makarantun gwamnati da shi bai fasa hawa kanmu ba. A 2025 Teksas ta yi dokar da za ta ba ɗan karatun gida tallafi har dala 2,000 a shekara, wanda zai iya biyan kuɗin littattafai, amma ba zai maye gurbin albashi ba.

Game da yaron wajenka, shawarata ita ce kada in aiko maka da kwalin Amurka, kuma kada ka cire shi daga makaranta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye tabbatar da cewa yaro ya kammala firamare da ƙaramar sakandare, jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare kuma ta hannun makaranta ake yin rajistarta, bisa manhajar Nijeriya ake tambaya. Littafin nan zai cika shi da inci da fam da ma'aunin zafi na Fahrenheit, alhali mita da kilo za a tambaye shi, zai koya masa rubuta kalmomi irin na Amurka, alhali WAEC salon Ingila ta saba da shi, ga kuma tsarin lissafinsu da ke ware aljabra shekara guda, joometiri wata shekarar, saɓanin namu da ke cakuɗa su kowace shekara. Kuɗin kwalin da na dakonsa, idan aka canza su zuwa naira, za su biya malamin lesin nagari na tsawon lokaci, wanda zai zauna da yaron ido da ido, abin da mu a nan muke nema ba mu samu. Abin da zai amfane shi daga nan shi ne littafin tambayoyin lissafi masu zurfi a matsayin ƙari, da akwatin kayan gwaji, da littattafan labari na Turanci da na riga na karanta na amince da su, kuma waɗannan zan haɗo su in Allah ya yarda.

Mu kuma abin da ke gabanmu shi ne ajiye shaida. Tun da babu hukumar da ke binmu, mu ne za mu rubuta wa yarinyar takardar sakamako da hannunmu, kuma aljabrar da za ta yi a aji 8 tana iya shiga takardar babbar sakandare da jami'a za ta gani. Saboda haka muna da fayil da muke zuba sunayen littattafai da maki da samfurin aikinta, kuma a ƙarshen shekara za mu biya ta zauna jarrabawar Iowa, ko da yake doka ba ta tilasta mana ba, domin mu ga matsayinta a tsakanin sa'o'inta na ƙasa baki ɗaya. Idan muka mayar da ita makarantar gwamnati a aji 9, suna da ikon yi mata gwaji kafin su ba ta aji, idan kuma Allah ya ƙaddara mana dawowa gida, sai mu nemi littattafan WAEC tun da wuri mu cike gurbin da ke tsakani.

Ka gaishe mini da Hajiya da Anti da yara duka, maiɗakina ma tana gaisuwa. Wassalam, ƙaninka.