Ikoyi Club 1938, wajen da ya burge ni a Legas

Gaskiya duk wanda Allah ya kai shi Legas kuma ya samu memba da zai shigar da shi Ikoyi Club to kar ya yi wasa da damar, don ba a shiga haka kawai, kulob ne na membobi. Asalinsa tun 1938 ne lokacin Turawan mulkin mallaka, aka haɗe European Club da Lagos Golf Club suka zama ɗaya, yanzu kuwa 'yan ƙasa ne ke riƙe da abinsu.

Filin golf ɗin ramuka 18 ne, ciyawa shar an aske ta lif, ga manyan bishiyoyi masu inuwa, wallahi sai ka manta a tsakiyar hayaniyar Legas kake duk da dogayen benayen nan na Ikoyi na leƙo ka. A nan fa shahararren ɗan wasan golf Sandy Lyle ya ci gasar Nigerian Open a 1978, wani gwanin golf ɗin Vijay Singh ma ya ɗauka a 1988 da 1989 tun duniya ba ta gama saninsa ba, wannan tarihin shi ya fi taɓa ni.

Akwai tanis, sikwash da wajen ninƙaya na yara da manya. Shawarata ka fito da sassafe, zafin rana da gumin Legas ba sauƙi.