Dutsen Aman Wuta na Soda ko Gwajin Ƙasar Unguwa: Wanne Ya Fi Wa 'Yan Aji Huɗu?

Assalamu alaikum. Malamar da ta yi tambaya a zauren nan tana koyar da kimiyya a aji huɗu na firamare a Kaduna, ajinta cike yake maƙil, kuma mako uku aka ba ta ta koyar da ƙasa da duwatsu. Tana so ta san wanne za ta ɗauka: dutsen aman wuta na bekin soda da ruwan khal irin wanda ake gani a YouTube, ko kuwa ta sa yara su ɗebo ƙasar unguwa a yi gwaji da ita. Malama, ga abin da nake gani in an jera su.

Dutsen yana da nasa amfanin. A cuɗa laka a kewaye ƙaramar gora, a zuba soda da jan kala da ɗan sabulun ruwa, a tsiyaya khal, sai kumfa ta yi ambaliya, aji ya kaure da shewa. Yaron da ya saba gyangyaɗi ma ranar idonsa biyu. In ranar baje koli ce iyaye za su zo, babu abin da zai tara miki jama'a kamarsa.

Amma ki tambayi yaron bayan mako guda me ya sa dutse ke aman wuta. Zai ce miki soda ce ta haɗu da khal, kuma ba laifinsa ba ne, abin da ya gani ke nan. Kumfar nan sanyi ƙalau take, iska ce irin ta cikin lemon kwalba ke ɗaga ta. Abin da ke fitowa daga dutse na gaskiya kuwa narkakken dutse ne mai zafin digiri 700 zuwa 1,200 a ma'aunin Salshiyas, wanda in ya huce sai ya koma dutse. Wannan komawar ita ce zuciyar darasin, ita ce kuma soda ba ta nunawa. Ga shi cikin minti guda an gama, hannun mutum ɗaya ne ya yi aikin, sauran 'yan kallo ne. In kika ce kowane rukuni ya yi nasa, kuɗin khal da soda daga jakarki zai fita.

Gwajin ƙasa ba shi da wannan armashi a ranar farko. Kayansa gorunan ruwa na roba ne da aka shanye, da gwangwanin madara, da tsumma. Ki raba aji rukuni-rukuni, wani ya kawo yashin magina, wani jar ƙasar bayan aji, wani baƙar ƙasar fadama ko ta lambu. A zuba ƙasa kashi ɗaya cikin uku na gora, a cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye a taga. Kafin minti biyu yashi ya kwanta. Lallausar ƙasa sai ta ɗauki awanni, yumɓu kuwa yakan kwana biyu ko fiye yana dagula ruwan, ganye da ɓurɓushin kara suna yawo a sama. Yara su sa rula su auna kaurin kowane hawa, su zana a littafi. A nan ne yaro ke gane cewa abin da yake kira ƙasa ba abu ɗaya ba ne, kuma gorar rukuninsa ta bambanta da ta maƙwabta, dole ya nemi dalili.

Sai gwajin da ni na fi ƙauna, na zaizayar ƙasa. A yanke gefen gora uku a tsaye su zama kamar kwami, a cika su da ƙasa iri ɗaya. Ta farko a bar ta tsirara, ta biyu a rufe ta da busasshen ganye, ta uku a dasa mata ciyawa da saiwarta tun kwana goma kafin ranar. A jingina su a gangare ɗaya, a huda gindin gwangwani da ƙusa a yi musu ruwan sama daidai wa daida, a tari abin da ya fito ta bakin kowace a kofi mai haske. Kofin farko jawur, na uku kusan garau. Kada ki yi bayani tukuna, Malama. Ki tambaye su wane launi kogin Kaduna yake yi a watan Agusta in an bi ta kan gada, kuma daga ina launin ya zo. Za ki ji yaro da kansa ya kawo zancen ramin da ruwa ya ci a layinsu, wata ta kawo na kwalbatin da yashi ya toshe. 'Ya'yan da ke zaune kusa da kogi, irin su Kigo Road da gangaren Unguwar Rimi, sun san ambaliya ba a littafi ba. Yana yi mini ciwo in ga irin waɗannan yara sun haddace sunan dutsen da ke Italiya, alhali ba a taɓa nuna musu abin da ke cinye ƙofar gidansu ba.

Ta fuskar wahala, gaskiya gwajin ƙasa ya fi. Yana ɓata riga da daɓe, yana son ruwa a kusa, yana son haƙurin jira, sannan sai an sami inda za a ajiye goruna kada 'yan wani aji su zubar. A yi shi a waje ƙarƙashin bishiya. Ki hana ɗebo ƙasa daga bola ko bakin kwata, a wanke hannu da sabulu bayan an gama, kuma kada a aiki yaro bakin kogi ko kududdufi ko tsohon ramin fasa dutse neman komai. Abin da ke can, babba ne zai kawo.

Akwai kuma abin da ƙasar Kaduna ta ba mu kyauta. Garin nan a kan tsohon dutse yake zaune, wanda shekarunsa suka haura miliyan 500. Ki karɓo tsakuwar kankare hannu guda wurin magina, ki jiƙa ta, ki ba yara. Za su ga ƙwayoyi kala uku: mai kama da gilashi, mai fari ko ruwan hoda, da baƙi mai walƙiya. Giranit ke nan, irin na Dutsen Kufena a Zariya. Shi ma narkakken dutse ne a da, sai dai a can ƙarƙashin ƙasa ya huce sannu a hankali, shi ya sa ƙwayoyinsa suka yi girman da ido ke gani. Kin ga ashe labarin narkakken dutse yana tafin hannun yaron ba tare da soda ba. Ki ajiye marmara kusa da ita su kwatanta: ja ce don tsatsar ƙarfen da ke cikinta, kuma zafi da ruwan damina ne suka rubar da dutse shekaru aru-aru ta samu. Yumɓun da ya kwanta a gora kuma shi ne irin abin da mutanen Nok na zamanin da, a Ƙaramar Hukumar Jaba, suka gina gumakansu da shi suka gasa, waɗanda masu haƙar kuza suka fara cin karo da su a 1928. In yara suka tambaya ko ƙasarmu na motsi, ki ba su labarin girgizar ƙasar da aka ji a garin Kwoi da ke kudancin Jihar Kaduna a watan Satumba na 2016.

Don haka da ni ce, mako na farko goruna da rula, na biyu zaizaya, na uku duwatsu. Ciyawar gora ta uku a dasa ta tun ranar farko. In rani ne, ki ƙara da kwali da aka shafa wa Vaseline a taga, ya kama ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga Bodele a Chadi. Dutsen soda ya zo a ranar ƙarshe in kina so, amma ki faɗa musu ƙarara cewa kwaikwayo ne. Gefensa ki narka kyandir, ke kaɗai da hannunki, ki tsiyaya shi a kan gangaren yashi su ga ruwa mai zafi yana gudu yana daskarewa, sannan ki sa su faɗa miki wanne daga cikin biyun ya fi kama da abin da ya haifi tsakuwar da suka riƙe.