Ajin balaga na WhatsApp: darasi ya yi daɗi, amma ina da ƙorafi

Wata 3 ke nan da na shiga ajin balagar nan, wato ilimin fasahar zance na Larabci, da mutanenmu na unguwar Shari'a Mansur a Makka ke ta yabo. Ajin na kuɗi ne, wata-wata ake biya. Abin da ya sa na yi wannan rubutu shi ne darasin tanafurul huruf, wato haɗuwar haruffan da ke yi wa harshe nauyi, su yi wa kunne kaushi.

Wallahi ranar na ji daɗi. Ina dawowa daga Harami bayan Isha'i na kunna, sai malam ya kawo labarin balaraben ƙauye da aka tambaya ina taguwarsa, ya ce ya baro ta tana kiwon "hu'ukhu'u". Ya ce mu maimaita. Sau uku ina gwadawa ina sarƙewa, domin ha da ainun da kha duk daga maƙogwaro suke fita, ba inda mutum zai huta. Da ya kawo baitin kabarin Harbu, "wa laisa ƙurba ƙabri Harbin ƙabru", sai na tuna karangiyar kwaɗo da ƙato da suka je ƙoto, wadda kakata ke sa mu faɗa da sauri muna yara. Ashe abin da muke wasa da shi yana da babi a ilimi. A daren na tura wa ƙanena lambar ajin.

To amma malam ya rufe darasi a kan cewa nauyi aibi ne, shi ke nan. Raina bai kwanta ba. Na tura murya na ce, Allah gafarta Malam, ina batun "issaƙaltum" a Suratut Tauba, aya ta 38? Kalmar na jan harshe kamar yadda masu nawar fita yaƙin Tabuka ke jan ƙafa. Ga "fakubkibu" a Shu'ara'i, aya ta 94, kana faɗinta kana jin gangarowar 'yan wuta. Wannan nauyin ai shi ne ƙawar, to ina iyakarsa da wanda ake zargi?

Ya saurara, alama ta nuna. Yau mako 3, ko uffan. Na sake tunatarwa cikin ladabi, shiru. Wannan ya dawo min da haushin sautin ma: ƙugin na'urar sanyaya ɗakin malam na danne muryarsa, har ba ka bambance sadun da sinun, a ajin da jari kunne ne.

Malam ya san karatu, ba na musu. Amma kuɗin wata mai zuwa na riƙe, sai na ji amsata.