Na'urar tsotse danshin ɗaki a daminar Legas: abin da take iyawa da abin da ya fi ƙarfinta

A Legas fumfuna ba ta jiran rufi ya yi yoyo kafin ta kama kaya. Daga Afrilu zuwa Yuli, sannan daga Satumba zuwa Oktoba bayan ɗan sararawar da ake samu a Agusta, danshin iska yakan haura kashi 80 cikin ɗari, kuma hakan ya isa takalmin fata da ke ƙarƙashin gado ya yi farin gashi-gashi, shaddar da ke cikin akwati ta ɗauki warin da wanki ɗaya ba ya fitarwa. Dalilin da ya sa na sayi na'urar tsotse danshi ke nan, irin mai kwamfiresa, na ajiye ta a ɗakin kayana a Agege.

Aikinta ba shi da wuyar fahimta. Fanka tana jawo iskar ɗaki ta bi da ita ta kan bututu mai sanyi, danshin ya zama ɗigon ruwa kamar yadda yake taruwa a jikin kwalbar da aka ciro daga firji, ya gangara cikin tanki. A jikin kwalinta an rubuta lita 20 a rana, amma mai saye ya sani cewa yawanci ana auna wannan adadi ne a zafin digiri 30 da danshin kashi 80, don haka da zarar ɗakin ya fara bushewa ruwan da take tarawa zai ragu sosai. Na saita ta a kashi 55, domin fumfuna ba ta samun yadda take so idan danshi ya yi ƙasa da kashi 60. Warin ruma ya bar ɗakin, kuma fatar da na goge ba ta sake yin fari ba.

Inda nake ganin masu sayarwa suna wuce gona da iri shi ne cewa da suke yi tana tsabtace iska. Ragar da ke bayanta ta tare gashi da ƙurar da ido ke gani ce kawai. Ƙwayoyin da fumfuna ke saki a iska, irin na Aspergillus da Penicillium da Cladosporium, sun yi ƙanƙantar da za su wuce ta ragar ba tare da wata tangarɗa ba, kuma yawancinsu daga waje suke shigowa gwargwadon yadda yanayi ya kasance. Ruwan sama mai ƙarfi yakan wanke iska na ɗan lokaci, amma ɗigon farko da ya bugi ruɓaɓɓen ganye ko bola yana watsa ƙwayoyin sama, sannan wasu nau'o'in sun fi fitowa da daddare da kuma asubahin da ya biyo bayan ruwa, lokacin da iska ta cika da laima. Wasu kuma, kamar Cladosporium, sun fi tashi da rana tsaka idan gari ya bushe kuma iska na kaɗawa. Na'urar tana hana waɗanda suka shigo su tsiro a bango da tufafi, amma ba ta hana mutum shaƙarsu. Mai ciwon asma, ko wanda ya taɓa yin tarin fuka har ya bar masa rami a huhu, inda Aspergillus kan samu mafaka, zai fi bukatar matatar iska mai tambarin HEPA, wato wadda ke tare irin waɗannan ƙananan ƙwayoyi, kuma ya nemi shawarar likita.

Tana da nata matsaloli. Tana ɗumama ɗaki, tana da ƙara da ba kowa zai iya barci da ita ba, kuma dole a rufe ƙofa da tagogi, in ba haka ba danshin waje zai riƙa maye gurbin wanda ta tsotse. Tankin ƙarami ne, yana cika cikin dare a watan Yuni, ita kuma sai ta tsaya cak, don haka gara a jona mata tiyo zuwa magudana. Abin da ya fi damuna shi ne wuta: tawa ba ta komawa aiki da kanta idan an ɗauke an dawo da ita, sai an zo an danna maɓalli, kuma ban yarda in haɗa ta ba tare da sitabilaiza ba.

Ga mazaunin Legas ko Fatakwal da ke ajiye atamfa, fata, littattafai ko kayan kyamara, ta cancanci kuɗinta, muddin ya zaɓi wadda ke tashi da kanta bayan ɗaukewar wuta. Mazaunin Kano ko Zariya kuwa zai amfana da ita ne kawai a lokacin marka, wajen Agusta, domin da hunturu ya shigo iska ta riga ta bushe, kuma ƙwayoyin fumfuna da ƙurar hazo ke ɗaukowa ba aikin wannan na'ura ba ne.